Charles de Foucauld: sojan Faransa da ya nemi Allah cikin shirun Sahara

Matasan Tchaké, Mayahi da Tasawa da ke tafiya ci-rani Aljeriya sun san Tamanrasset farin sani. Ita ce babban birni na farko da matafiyi ke tararwa bayan ya wuce Agadas, Arlit da Assamaka ya tsallaka iyaka. A tsakiyar birnin akwai wani tsohon gini na laka mai kaurin bango da ƙaramar ƙofa, wanda akasarin masu wucewa ba su san labarinsa ba. A bakin wannan ƙofa ne aka harbe wani limamin Katolika ɗan Faransa mai suna Charles de Foucauld, da yammacin ranar 1 ga watan Disamba 1916, 'yan kwanaki kafin Kaosen ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas.

Lokacin da ya mutu yana da shekara 58, kuma ya shafe shekara 11 a cikin Abzinawan Ahaggar. Bai bar almajiri ko ɗaya ba, ba a kuma san wani Ba'abzine da ya bar Musulunci saboda shi ba. Duk da haka a ranar 15 ga watan Mayu 2022 Paparoma Francis ya ayyana shi a matsayin waliyyin cocin Katolika. Har gobe ana jayayya a kansa: wasu na kallon sa a matsayin mutumin Allah da ya zauna lafiya da Musulmi, wasu kuma na ganin ɗan mulkin mallaka ne da ya sanya rigar ibada. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, shekaru 26 na ƙarshen rayuwarsa ya yi su ne yana neman shiru da kaɗaici, kuma neman ya kai shi inda bai yi tsammani ba.

Maraya mai dukiya

An haifi Charles de Foucauld ranar 15 ga watan Satumba 1858 a birnin Strasbourg, a gidan masu sarauta da wadata. A shekarar 1864 mahaifiyarsa da mahaifinsa suka rasu, watanni kaɗan tsakani, yana ɗan shekara biyar da 'yan watanni. Kakansa na wajen uwa, Kanal de Morlet, ya ɗauke shi tare da ƙanwarsa Marie ya riƙe su. Bayan yaƙin 1870, da Jamus ta karɓe yankin Alsace, iyalin suka koma birnin Nancy. A nan ne, yana saurayi, ya bar yin addu'a ya kuma daina yarda da addini gaba ɗaya.

A 1876 ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr. Shekara biyu bayan haka kakansa ya rasu ya bar masa gado mai yawa, shi kuwa ya shiga ɓarnatar da shi a kan ciye-ciye, shaye-shaye da shagulgula. A makarantar sojan doki ta Saumur shi ne ya zo na 87 cikin ɗalibai 87. Da aka tura rundunarsa garin Sétif na Aljeriya, ya tafi da wata mace da ba matarsa ba, ya ƙi rabuwa da ita duk da umurnin manyansa, wanda hakan ya sa aka dakatar da shi daga aiki a 1881. Irin yadda yake watsa kuɗi ya sa daga baya danginsa suka sa kotu ta naɗa mai kula da dukiyarsa.

Watanni kaɗan bayan dakatar da shi ya ji an tura abokansa yaƙi, sai ya nemi a maido shi bakin aiki, aka tura shi yaƙi da Shehu Bou Amama a kudancin Oran. A wannan yaƙi ne aka ga wani Foucauld dabam, mai jure yunwa da doguwar tafiya. A nan kuma ya haɗu da wani matashin hafsa, Henri Laperrine, wanda daga baya ya zama jagoran mamayar da Faransa ta yi wa tsakiyar Sahara, kuma abotarsu ta ɗore har mutuwa.

Tafiyar Maroko

A farkon 1882 ya ajiye kakin soja ya zauna a birnin Aljiyas yana koyon Larabci da Ibrananci. Burinsa shi ne ya ratsa Maroko, wadda a lokacin Bature ba ya shiga cikinta sosai ya fito lafiya. Daga watan Yuni 1883 zuwa Mayu 1884 ya yi shigar malamin Yahudawa, tare da wani ja-gora mai suna Mardochée Aby Serour, suka yi tafiyar kimanin kilomita 3,000. Yana ɓoye ƙaramin littafi a tafin hannu yana rubuta sunayen duwatsu, koguna da hanyoyi. Wannan aiki ya samo masa lambar zinariya ta ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris a 1885, aka kuma buga littafinsa mai suna Reconnaissance au Maroc a 1888. Taswirorin da ya zana sun yi wa sojojin Faransa amfani daga baya, lokacin da suka shiga ƙasar.

Amma akwai wani abin da ya taho da shi daga Maroko wanda ba ya cikin taswira. Wata goma sha ɗaya ya yi yana kallon mutane suna tsayar da ayari a tsakiyar daji su fuskanci alƙibla, suna ambaton Allah a kowace hidima tasu. A wasiƙun da ya rubuta wa abokinsa Henry de Castries shekaru bayan haka, ya bayyana cewa ganin imanin Musulmi ne ya girgiza shi, ya sa ya fara tunanin akwai abin da ya fi harkokin duniya girma. Ya karanta Alƙur'ani, har ya ɗan yi tunanin musulunta.

Da ya koma Paris ya zauna kusa da danginsa, musamman 'yar'uwarsa Marie de Bondy, mace mai riƙon addini wadda ba ta taɓa matsa masa da wa'azi ba. A ƙarshen watan Oktoba 1886 ya shiga cocin Saint-Augustin ya sami limami Henri Huvelin da niyyar yin tambayoyi kan addini. Limamin ya ce masa ya durƙusa ya furta zunubansa. Daga wannan rana ya koma ga addinin iyayensa, kuma Huvelin ya zama jagoransa har rasuwarsa a 1910.

Gidan da ba a magana

Mai karatu da ya san halwa ba zai yi mamakin abin da Foucauld ya shiga nema ba. A ƙasar Hausa an san malamin da ke kulle kansa a ɗaki na kwanaki yana wuridi, an san i'itikafin goman ƙarshe na azumi, kuma tun ƙarni na 16 duwatsun Abzin suka san halwar almajiran Sidi Mahmud al-Bagdadi. Kiristanci ma yana da tasa tsohuwar hanyar. Linjila ta ba da labarin kwana 40 da Yesu Almasihu ya yi a jeji yana azumi, da yadda yakan tashi da asuba ya keɓe kansa don addu'a. A ƙarni na 3 da na 4 wasu Kiristocin Masar suka bar garuruwa suka shiga hamada, mafi shahara a cikinsu shi ne Antoni, wanda ya rasu a shekarar 356. Daga gare su ne zuhudun Kirista ya samo tushe. A fahimtarsu, harshe da hayaniyar jama'a suna rufe wa mutum ido daga aibinsa, shiru kuwa yana tona masa abin da ke zuciyarsa, har ya iya sauraron Ubangijinsa.

A watan Janairu 1890, bayan ya ziyarci Ƙudus da Nazarat, Foucauld ya bar wa ƙanwarsa abin da ya rage na dukiyarsa ya shiga ƙungiyar 'yan zuhudu da ake kira Trappistes, waɗanda aka san su da tsananin dokar shiru a cocin Katolika. A lokacin suna tashi tun wajen ƙarfe biyu na dare don addu'a, ba sa cin nama, suna noma da hannunsu, kuma idan bukata ta taso da alamar hannu suke magana da juna. Ya fara a gidansu na Notre-Dame des Neiges da ke kan duwatsun Ardèche, bayan wata shida kuma, bisa roƙonsa, aka tura shi gidansu mafi talauci a Akbès, a ƙasar Sham ta daular Usmaniyya.

Ya yi shekara shida a can, kuma yana wurin lokacin kisan gillar da aka yi wa Armeniyawa a 1895 da 1896. Duk da tsananin rayuwar gidan, hankalinsa bai kwanta ba. Wata rana aka aike shi yin addu'a a gidan wani talakan ƙauye da ya rasu, ya ga cewa talaucin 'yan zuhudu, masu gona da rumbu da katanga, wadata ce idan aka gwada da na maƙwabtansu. Tunanin da ya mamaye shi shi ne shekaru 30 da Yesu ya yi a Nazarat kafin ya fara wa'azi, yana aikin hannu a ƙauye, ba wanda ya san da shi. Irin wannan ɓoyayyar rayuwa yake so ya kwaikwaya. A watan Janairu 1897 shugabanninsa suka sallame shi.

Ya tafi Nazarat ya zama bara a gidan wasu mata 'yan zuhudu da ake kira Clarisses. Yana kwana a wata 'yar bukkar katako da ake ajiye kayan lambu, yana shara, yana kai saƙo gidan waya. Sauran lokacinsa, musamman dare, yana zaune shiru a ɗakin ibada ko yana rubuta tunaninsa kan Linjila. Yara kan yi masa dariya a titi saboda tsummokaransa. Wannan shi ne kaɗaici mafi cika da ya samu a rayuwarsa, kuma shekara uku kawai ya ɗauka. Shugabar gidan Clarisses na Ƙudus ta yi ta nuna masa cewa zai fi amfani idan ya zama limami. Ya koma Faransa, aka naɗa shi ranar 9 ga watan Yuni 1901 a garin Viviers.

Iyakar duwatsu a Beni Abbès

A ƙarshen watan Oktoba 1901 ya sauka a Beni Abbès, wani dausayi a yammacin Saharar Aljeriya kusa da iyakar Maroko, inda sojojin Faransa suka kafa bariki ba da jimawa ba. Sojojin ne suka taya shi gina ɗan gidan laka da ɗakin ibada. Ya rubuta wa kansa doka mai tsanani wadda ta raba yini sa'a bayan sa'a, ya kuma jera duwatsu kewaye da gidan a matsayin iyakar da ba zai tsallaka ba sai da larura. Ya yi fatan wasu za su zo su zauna tare da shi a kan wannan doka. Ba wanda ya zo ya daɗe.

Waɗanda suka zo su ne bayi, matalauta, marasa lafiya, matafiya da sojoji. A wasiƙunsa ya koka cewa tun kafin fitowar rana har bayan isha yana magana da mutane. Dokarsa ta hana shi fita, amma ba ta hana kowa shiga ba, kuma bai taɓa rufe ƙofa ba, domin a karatunsa na Linjila duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yana da haƙƙin da Almasihu da kansa yake da shi. Ya sa wa gidan suna Khaoua, wato 'yan'uwantaka.

A nan ne ya yi karo da bauta. Hukumomin sojan Faransa sun kau da kai daga cinikin bayi a dausayoyin don kada su ɓata da manyan gari. Foucauld ya fanshi bayi kaɗan da kuɗin da danginsa ke aiko masa, ciki har da wani saurayi mai suna Paul Embarek wanda ya bi shi har Tamanrasset. Ya yi ta rubuta wa shugaban cocin Sahara, Monseigneur Guérin, yana neman a kai maganar majalisar dokokin Faransa. An ba shi shawarar ya bi a hankali. Wannan na nuna yadda ya fahimci shirun ibada: yana iya kame bakinsa daga hira, amma yana ganin yin shiru a kan zalunci laifi ne.

Nonon awakin Ahaggar

A watan Mayu 1902 sojojin Faransa suka ci Abzinawan Ahaggar da yaƙi a Tit, kuma a 1904 Musa ag Amastan ya je In Salah ya yi sulhu da su. Laperrine, wanda a lokacin shi ne kwamandan yankin, ya gayyaci tsohon abokinsa ya bi shi rangadi. A watan Agusta 1905, da amincewar Musa, Foucauld ya zauna a Tamanrasset. Garin da a yau ya cika da motoci da 'yan kasuwa, a lokacin bai wuce gidaje kamar ashirin na manoma ba. Ya gina ɗaki dogo siriri na dutse da laka, rabi wurin ibada, rabi wurin kwana da rubutu. Barikin Faransa mafi kusa a lokacin yana da nisan tafiyar makonni a kan raƙumi.

Dokar cocin ta wancan zamani ba ta yarda limami ya gabatar da ibadar Mas shi kaɗai ba sai da mai taya shi. Da Paul Embarek ya tafi a 1906, Foucauld ya rasa abin da ya fi daraja a wurinsa. Kirsimetin 1907 ya same shi shi kaɗai, ba Mas, ba wasiƙa daga gida na tsawon watanni. Fari ya yi tsanani a Ahaggar, ya rarraba hatsin da ya ajiye wa mabukata. A watan Janairu 1908 ya kwanta ciwo saboda gajiya da rashin abinci mai gina jiki, har ya yi zaton ajali ne.

Mutanen garin ne suka cece shi. Cikin wannan fari suka bi rugage suna neman awakin da ke da sauran nono, suka riƙa kawo masa har ya miƙe. Masu rubuta tarihinsa da dama na ɗaukar wannan a matsayin juyi na biyu a rayuwarsa. Tun zuwansa Sahara shi ne mai bayarwa, mai magani, allura da hatsi. A karo na farko sai ga shi a hannun Musulmin da ya zo dominsu, rayuwarsa ta dogara ga alherinsu. A ƙarshen watan ne labari ya iso cewa Roma ta ba shi izinin yin Mas shi kaɗai. Daga nan bai ƙara maganar iyakar duwatsu ba. Yana zuwa tantunan mutane, yana zama hira, yana koya wa mata saƙa, yana ba Musa ag Amastan shawara. Bai yi wa'azi a fili ba, domin ya yanke cewa aikinsa shi ne zama maƙwabci nagari, sauran kuma na Allah ne.

Ƙamus da dutsen Assekrem

Hausawa na cewa shiru ma magana ce. A wurin Foucauld shirun ya koma sauraro. Ya fara nazarin Tamahak, harshen Abzinawan Ahaggar, da tunanin zai gama cikin 'yan watanni don ya share wa limaman da za su biyo baya hanya. Aikin ya cinye masa sama da shekara goma. Masanin harsuna Motylinski ya zo ya taya shi a 1906, kuma ya yi shekaru yana aiki da wani masani ɗan yankin mai suna Ba Hammou, magatakardan Musa. Yakan yi awa goma ko fiye a rana a kan takarda. Ya bi rugage yana rubuta waƙoƙin da maza da mata ke rerawa, har da na shahararriyar mawaƙiya Dassine, ya tara baitoci kusan 6,000 ya fassara su. Ya kammala wannan tarin waƙoƙi ranar 28 ga watan Nuwamba 1916, kwana uku kafin mutuwarsa.

An buga waƙoƙin a littafi biyu, a 1925 da 1930. Babban ƙamusunsa na Abzinanci da Faransanci ya fito a 1951 da 1952, juzu'i huɗu, shafi sama da 2,000, an ɗauko hoton rubutun hannunsa yadda yake, da haruffan Tifinagh da zane-zanen sirdi, takobi da tanti. Har yau duk mai nazarin harshen Abzinawa, a Yamai ne ko Bamako ko Paris, sai ya buɗe shi. Foucauld ya so a buga ayyukan ba da sunansa ba.

Son kaɗaici bai rabu da shi ba. Ya sa an gina masa ɗan ɗaki na dutse a kan tsaunin Assekrem, mai tsayin sama da mita 2,700, kimanin kilomita 80 daga Tamanrasset. A yau hoton wannan wuri ne ake nunawa idan ana maganarsa, amma wata biyar kawai ya zauna a can, daga Yuli zuwa Disamba 1911. Sanyi da ƙarancin abinci suka sauko da shi. Ko a zaɓen wurin ma ya yi la'akari da cewa makiyaya na taruwa a kwarurukan da ke kewaye idan an sami ruwa.

Yaƙin Kaosen da daren 1 ga Disamba

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Sahara ma ta ɗau zafi. 'Yan Sanusiyya sun kori Italiyawa daga Fezzan, a watan Maris 1916 kuma suka karɓe Djanet daga hannun Faransa. Foucauld ya ƙi komawa barikin soja. Ya gina wancan gini mai kaurin bango don mutanen ƙauyen su fake idan an kawo hari, ya koma cikinsa a tsakiyar 1916. Sojojin Faransa sun ajiye bindigogi da harsasai a ciki.

A nan ne maganar masu sukarsa take da ƙarfi. Wasiƙunsa zuwa ga Laperrine da sauran hafsoshi cike suke da bayanai kan motsin ƙabilu, da shawarwari kan yadda za a murƙushe masu tawaye. Bai taɓa shakkar cewa Faransa na da haƙƙin mulkin Sahara ba, ko da yake ya sha sukar zaluncin wasu jami'anta, ya kuma yi gargaɗin cewa mulkin da aka gina kan danniya wata rana za a kore shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: a idon masu yaƙi da Nasara, marabun Tamanrasset kunne ne na sojojin Faransa.

Da yammacin 1 ga Disamba 1916 wasu mahara masu alaƙa da tawayen Sanusiyya suka iso. Wani mutumin da Foucauld ya sani mai suna El Madani ya kira shi da sunan an kawo wasiƙa. Da ya buɗe ƙofa aka fizgo shi waje, aka ɗaure masa hannuwa ta baya, aka bar wani yaro ɗan kimanin shekara 15, Sermi ag Thora, yana gadinsa, sauran suna kwasar kaya. Akasarin masana tarihi na ganin garkuwa suka so yi da shi. Ana cikin haka sai ga sojojin raƙuma biyu na Faransa sun tunkaro, aka fara harbi, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Paul Embarek, wanda ya riga ya dawo garin, ya shaida abin da ya faru, kuma shi da mutanen ƙauyen suka binne shi.

A cikin watan ne Kaosen, da goyon bayan Sarkin Abzin Tegama, ya kewaye barikin Faransa na Agadas. Sai a ranar 3 ga watan Maris 1917 rundunar da ta taso daga Damagaram ta karya ƙawanyar. Ramuwar gayyar Faransawa ta yi muni: sun kashe mutane da dama, ciki har da malaman Agadas, aka kwashe dabbobi, aka tilasta wa dubban mutanen Abzin gangarowa kudu. Duk wanda zai ba da labarin mutuwar Foucauld a Nijar dole ya ajiye waɗannan gawawwaki kusa da tasa.

Abin da ya bari

Lokacin mutuwarsa, ƙungiyar addu'a da ya kafa a Faransa tana da mutum 49 ne kawai a rubuce, har da shi kansa da masanin Musulunci Louis Massignon. Littafin tarihinsa da René Bazin ya wallafa a 1921 ne ya sanar da duniya shi. A 1929 aka mayar da gawarsa El Goléa, wadda ake kira El Menia a yau. A 1933 René Voillaume ya kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu a El Abiodh Sidi Cheikh, a 1939 kuma Magdeleine Hutin ta kafa ta mata a Touggourt. Tsarinsu shi ne su zauna su biyu ko uku a unguwar talakawa, su yi aikin da maƙwabtansu ke yi, su keɓe sa'a guda kowace rana don addu'ar shiru, lokaci-lokaci kuma su fita daji su kaɗaita. Wasu daga cikinsu sun zauna a cikin makiyayan arewacin Nijar, yankin da ke ƙarƙashin diyosis ɗin Maradi tun kafa shi a 2001. Paparoma Benedict na 16 ya ɗaga shi zuwa matsayin mai albarka ranar 13 ga watan Nuwamba 2005, Paparoma Francis kuma ya ambace shi a ƙarshen wasiƙarsa ta 2020 kan 'yan'uwantakar bil'adama, kafin ya ayyana shi waliyyi.

Musulmi ma sun yi nazarinsa. Masanin Aljeriya Ali Merad ya rubuta littafi a kansa a 1975, inda ya yaba zuhudunsa da tsoron Allahnsa, ya kuma nuna cewa bai taɓa fahimtar Musulunci daga ciki ba, kuma bai fita daga tunanin mulkin mallaka na zamaninsa ba. Wasu masana da marubutan Abzinawa sun fi haka zafi, sun soki ayyana shi waliyyi. A Nijar ta yau, inda sojojin Faransa suka kammala ficewa a watan Disamba 2023, wannan suka ba za ta rasa masu saurare ba.

Rayuwarsa ta nuna abin da shiru da kaɗaici ke iya yi wa mutum da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya. Sun raba shi da dukiya, suna da jin daɗi, sun mai da hafsan da ya zo na ƙarshe a ajinsa mutumin da ya zauna shekara goma yana sauraron kalmomin wata al'umma ɗaya bayan ɗaya. Ba su raba shi da tutar ƙasarsa ba, kuma bindigogin da ya yarda aka ajiye a gidansa na cikin abin da ya jawo maharan ƙofarsa. Makonni uku bayan kisan, hafsan Faransa da ya zo duba wurin ya tarar da takardun ƙamus a warwatse a ƙasa, ya kuma tsinci ƙaramin mazubin da Foucauld ke ajiye gurasar ibada a cikin rairayi. Takardun ne aka tattara aka buga bayan shekara 35.